Ranar da Anka Ce In Yabi Ɗiyar Fari

Shekarun baya, tun haƙorana suna iya rake, akwai ranar da na nemi harshena na rasa a Gusau. Ni da duk 'Yandoto an san ni da baki. In ana biki ba a fara raha sai na iso, in yara na son tatsuniya ɗakina suke cikawa. Ban taɓa zama aji ba, wannan ma matar ɗana ce ke riƙe da waya tana rubuta muku abin da nake faɗi, kuma na gargaɗe ta kada ta gyara mini magana. Amma ran nan, da anka ce in yi magana a kan mutum ɗaya tak, sai bakin nan nawa ya mutu.

Mutum ɗayan nan kuwa ɗiyata ce ta fari.

Ku yaran yanzu ba ku san wannan ba. Ina ganinku kuna ɗaga ɗan fari sama kuna yi masa rawa gaban surukai. Mu a namu zamani mace ba ta faɗin sunan ɗanta na fari, ba ta yi masa wasa gaban mutane, ba ta yabonsa. In ya faɗi gabanta sai ta kau da kai ta jira wani ya ɗaga shi. In anka yabe shi ta ce, "Wannan? Allah dai ya shirya." Ba ƙiyayya ba ce, kunya ce, haka munka tarar, kuma ni na riƙe tawa da kyau. Har misali ake yi da ni.

Da anka yaye ta, yayar mijina da ke aure a Bungudu ta zo ta goya ta ta tafi da ita. Ita ta riƙe ta, ita ta sa ta boko, ita yarinyar ke kira Inna. Ni Yaya take ce mini. Ni kuma in ta kama dole sai in ce 'yar Bungudu, ko in ce waccan. Labarinta a kasuwar Tsafe nake tsinta. In na ga mata daga wajen Bungudu sai in tsaya ina taya tabarmar da ba ni da niyyar saye, in tambayi lafiyar yayar mijina, da awakinta, da rufin ɗakinta, har mai tabarma ta gaji ta ce, "Yarinyar ma lafiya lau, ta yi tsawo, an ce ba mai wuce ta a aji." In ce, "Oho, ni ban tambaye ki ba." In kamo hanyar gida ina murmushi ni kaɗai kamar wadda ta taɓu.

Mijina ya rasu. Bayan wasu shekaru yayar tasa ta kwanta ciwo da kaka, na je Bungudu na yi jinyarta har Allah ya karɓi abinsa. Yarinya na gama sakandare dangi sunka ce ta dawo ɗakin uwarta. Haka anka maido mini budurwa doguwa mai tafiyar ubanta, ni ban san yadda ake zama da ita ba, ita ma ba ta san yadda ake zama da ni ba. In ina daka sai ta zo ta tsaya, ta ce, "Yaya, kawo," ta karɓi taɓarya. Mu zauna ɓarar gyaɗa kamar baƙin juna. Amma a daminar nan na san ba ta son daddawa ta yi yawa a miya, na san in za ta yi dariya sai ta fara rufe ido, na san takunta daga zaure. Abin da sauran mata ke sani tun ɗa na goye, ni sai lokacin nake koyo, kuma ban ƙoshi ba.

Ana cikin haka shugabar makarantarsu ta aiko. Wai akwai wata gidauniya a Gusau da wasu tsofaffin ma'aikata da masu hali sunka kafa. Suna zaɓen yara masu ƙoƙari daga ƙauyuka su ɗauki nauyin karatunsu na jami'a, in an yi hutu kuma su tara su suna koya musu riƙon amanar jama'a, su kai su asibitoci da ofisoshi su ga yadda aiki ke tafiya da yadda yake lalacewa. Sharaɗin shi ne in yaro ya gama zai yi aikin gwamnati, kuma duk inda anka tura shi nan zai tafi. Ta yi jarrabawarsu ta ci. Sun yi mata tambayoyi ta amsa. Saura abu ɗaya, suna son ganin iyaye, don an sha ɗaukar 'yan mata karatu ya yi nisa gida su janye su.

Ba zan ɓoye muku ba, raina bai so ba. Yanzu fa anka ba ni ita.

Baffanta, ƙanen mijina, ya ce mini, "Ke dai shirya ki bi mu. Ba sai kin ce komai ba, ni zan yi magana. Ki zauna kawai ki yi kyau."

Na ce, "Kyau kam ba sai an roƙe ni ba."

Munka shiga mota daga Tsafe, na sha atamfata ta ƙasan adaka da gyale mai ruwan ƙasa. Munka tarar da iyaye cike da benci a baranda, wasu matan manyan ma'aikata ne, ƙamshin turarensu har titi. Ta taga ina jin wata tana gaya wa masu tambaya wai ɗanta tun yana rarrafe yake raba faɗan yara. Na taɓa baffanta na ce, "Ka ji mata, ko kunya." Ya ce, "Rufe bakinki, namu na zuwa."

Da anka kira mu, mutum biyu ne ke tambaya. Wata Hajiya dattijuwa mai tabarau, an ce tsohuwar shugabar makaranta ce, da wani matashi mai biro a hannu. Anka ba ni kujera gabansu, baffanta a gefena, yarinya a bayana jikin bango. Baffanta ya yi bayani mai kyau, ya ce dangi sun amince, ya yi addu'a. Na ce a raina shi ke nan mun gama. Sai Hajiya ta ce, "Malam, mun gode, mun ji naka. Yanzu uwa muke son ji."

Matashin ya ce, "Inna, ya sunan 'yarki?"

Na ɗaga kai ina kallon fanka kamar ban taɓa ganin fanka ba. Baffanta ya yi sauri ya faɗa.

"To Inna, me kika gani a halinta da zai sa a damƙa mata amanar jama'a?"

Kafin in yi tunani bakina ya faɗi abin da ya saba. "Wannan? Ni ban ga komai ba. Ko tuwo ta tuƙa sai ka tsinci gudaji."

Baffanta ya kama tari. Matashin ya duƙa ya rubuta, ya ɗago ya ce, "Wato ba ki goyon bayan tafiyarta?"

Na ce, "Ni ban riƙe ta ba. Wadda ta riƙe ta tana ƙasa."

Hajiya ta ɗaga wa matashin hannu. Ta dubi baffanta ta ce, "Ɗiyar fari ce ko?" Ya ce ita ce. Ta juyo gare ni, muryarta a hankali. "'Yar'uwa, na san wannan. Ni ma uwata ta bar duniya ba ta taɓa kiran sunana ba. Amma ki fahimce ni. Wurin da ya rage kaɗan ne, masu nema da yawa. Jarrabawa ta gaya mana tana da kai, ba ta gaya mana ko tana da zuciya ba. Wadda ta riƙe ta ba ta nan. In ke ba ki faɗa ba, ba mu da wanda zai faɗa, mu kuma ba za mu rubuta abin da ba mu ji ba."

Nan fa na ga ƙofa a buɗe. In na yi shiru ba mahalukin da zai zarge ni. A 'Yandoto ma yabona za a yi, a ce ta je har Gusau gaban manya ba ta zubar da kunyarta ba. Mu koma mota mu uku, gobe da safe in ji takunta daga zaure, ta ce Yaya kawo. Shiru kawai zan yi, abin da na fi kowa iyawa a kanta. Wallahi na so in yi.

Sai na ji motsi a bayana. Jakarta ce ta ɗauka ta ɗora bisa cinya, irin na wanda ya shirya tashi. Ba ta ce Yaya ba, ba ta yi kuka ba, ba ta roƙe ni ba. Ta riga ta san ba zan iya ba, kuma ta yafe mini tun kafin in gaza. Wannan motsin jakar shi ya karya ni.

Na gyara zama na ce, "Hajiya, ni ban iya yabon kowa ba. Amma in kuna da lokaci, in ba ku labarin wata yarinya da na taɓa gani a Bungudu. Ɗiyar wasu mutane ce."

Hajiya ta cire tabarau ta ajiye. Ta ce, "Muna da lokaci."

Na ce musu akwai wani babban manomi a Bungudu, yarinyar a gidansa take. Bayan kaka ya fitar da zakkar gero, mabuƙata sunka cika ƙofar gida, ita ke riƙe da tiya tana aunawa. Da jama'a sunka ragu sai ta ce masa, "Baba, akwai waɗanda ba su zo ba." Ya ce wanda ke so ai ya san hanya. Ta ce, "Sun san hanya, ƙafarsu ce ba ta iya takowa." Ta faɗa masa gidajen. Akwai matar da mijinta ya mutu, da can su ke ba wasu. Akwai tsohuwar da 'ya'yanta sunka tafi neman kuɗi shiru. Mutane ne da gara su kwana da yunwa da a gan su a layi. Ya ce, "In kin kai musu maido miki za su yi, su ce an raina su." Ta ce ya ware rabonsu dai, ta gwada.

"Hajiya," na ce, "kin san mi ta yi? Sai ta cika ƙwarya da gero ta rufe da faifai, ta shiga gidan matar nan ta durƙusa. Ta ce Innarmu ba lafiya, gidanmu ba mai surfe, don Allah a taimaka a surfa mana. Mata ta ji daɗi an nemi alfarma wurinta, ta surfa ta wanke tas. Yarinya ba ta koma ba. Da anka aiko kiranta sai ta zo tana salati, ta ce wayyo, ai wasu sun kawo mana gari mun riga mun ɗora tukunya, ga wannan ya sha ruwa, in ya kwana tsami zai yi. Don Allah ku rufa mana asiri ku yi amfani da shi, kada Baba ya ji an yi ɓarna. Matar nan ta ci abincinta ita da 'ya'yanta tana ganin ita ce ta yi taimako."

Na ce haka ta yi ta yi, wannan gida da wannan dabara, wancan da wata, har rabonsu ya ƙare a hannunsu. Malamai su yi mana hukuncin maganganun da ta shirya, ni dai na ga hayaƙi ya tashi a madafan da sunka daɗe ba wuta.

Matashin ya ce, "Ke ina kike kika ga duk wannan?"

Na ce, "Akwai wata baƙuwa da ta zo jinya gidan. Ta ga budurwa na fita da ƙwarya a rufe kullum da hantsi, ta ce lallai wani ɗan samari ake kai wa. Sai ta riƙa binta tana laɓewa bayan rumbuna, da girmanta da komai. Ita ta ba ni labari."

Ya ce, "To Inna, yarinyar nan ita ce wannan ta bayanki?"

Na ce, "Ɗan nan, ni dai wata yarinya na ce maka."

Hajiya ta yi dariya har tana share ido. Ta ce masa, "Malam, an ba ka labari, rubuta ka yi godiya." Sai fuskarta ta koma daidai, ta dube ni. "Saura ɗaya, 'yar'uwa. In mun ɗauke ta, ba taki ba ce ke kaɗai. Hutu ba lallai ta zo ba. In ta gama, inda aiki ya jefa ta nan za ta zauna. Kin ba da ita?"

Na ce, "Tun tana yaye anka ɗauke ta. Na saba."

Ban saba ba. Amma na faɗa, an kuma rubuta.

Munka shiga mota munka bar Gusau a baya. Baffanta na gaba yana gyangyaɗi. Ita tana gefena tana kallon gonaki, can sai ta ce, ba tare da ta juyo ba, "Yaya, ashe ke ce. Na riƙa ganin bakin gyale bayan rumbu, na ɗauka aljana ce."

Na ce, "Wa ya bi ki? Gaisuwa nake zuwa."

"Bayan rumbu?"

"In ba ki rufe mini baki ba sai in sauka nan in taka da ƙafa."

Ta rufe ido, dariyar nan tata ta zo. Sai ta kwantar da kanta a kafaɗata, a cikin mota, gaban mutane. Ya kamata in ture ta. Na duba taga na yi kamar ban ji nauyi ba, har Tsafe. Kafaɗar ta yi tsami, ban motsa ba.

A rediyo anka faɗi waɗanda sunka samu. Ina tankaɗe da rana na ji sunan da ban taɓa furtawa ba a bakin wani namiji da bai san ta ba, ya faɗe shi sarai har da na ubanta. Mata sunka cika gida da guɗa. Na ce musu su yi a hankali kada su zubar mini da gari. Ranar tafiyarta na yi mata ƙuli-ƙuli da yaji, na ba ƙanwarta ta kai mata, na ce ta ce ragowa ce. Ni kuma na tafi gona roron wake, gonar da ke kallon titi. Na ga motar ta wuce. Waken da na roro ran nan ko miya ɗaya ba zai yi ba.

Abin da Hajiya ta faɗa haka ya zama. Hutu ya zo, suna wani asibiti. Wani hutu ya zo, suna wata ƙaramar hukuma. Ta gama, ta fara aiki a Gusau, na ce to ga ta kusa, kafin in gama murna an tura ta wata jiha, daga can sai Abuja. Ta yi aure, ta haihu. An ce yanzu in ta shiga ofis maza masu furfura miƙewa suke. Wani tsoho ya taɓa tasowa tun daga Ruwan Bore yana tambayar gidana, don kawai ya gaya mini ɗiyata ta tsaya masa a kan haƙƙinsa lokacin da kowa ya kore shi, kuma ko ruwansa ba ta sha ba. Na ce masa, "Allah dai ya shirye ta." Amma bai bar gidan nan ba sai da na yanka masa zakara.

Ta yi ta roƙo in koma wurinta. Na je sau ɗaya. Gida mai kyau, ƙofa a kulle, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta ce a ba ta wuta. Ta fita tun da safe, ta dawo a gajiye waya na kuka a hannunta. Na ga ko a can ma ba ganinta nake ba, ga zaman gidan suruki ba nawa ba ne. Na tattaro na dawo.

Yanzu sai waya. "Yaya, kin ci abinci?" Na ci. "Ƙafar fa?" Da sauƙi. Mu yi maganar ruwan sama, da akuyar da ta haihu, sai in ji wani daga can yana cewa Hajiya ana jiranki, ta ce za ta sake kira. Ga hanya ta lalace a shekarun nan, kun san halin da muke ciki. In ta ce za ta zo da Sallah, ni da bakina nake cewa ta zauna inda take, mu nan lafiya muke, ba abin da za ta zo ta yi. In ajiye waya in zauna ina kallon zaure.

Ba na nadama, kada ku ji ni ba daidai ba. Mutanen gidauniyar nan sun yi alheri, kuma da ƙasar nan na da irinsu da yawa da ba mu kai inda muke ba. Abin da na gane kawai shi ne, duk ma'aikacin kirki da kunka tarar a ofis ya saurare ku bai wulaƙanta ku ba, akwai wata tsohuwa a wani ƙauye da ta ba da aronsa, tana can zaune ita kaɗai. In ya yi muku aiki kun gode masa, ku haɗa da ita a addu'a.

Da za a maida ni ɗakin nan na Gusau yau, labarin nan dai zan sake ba su, har in ƙara da waɗanda ban faɗa ba, don suna da yawa. Sai dai wannan karon ba zan tashi daga kujerar ba sai na yi wa Hajiyar nan mai tabarau tambayar da ban yi ba: in jama'a sun gama da ita, wa zai maido mini ita, kuma zai tarar da ni?